Shekara Tara da Na Ɓoye

Litinin, 25 ga Yuli 2016, da hantsi

Wannan littafin na awo ne. Shekara da shekaru ina rubuta tsawon ƙofofi da faɗin tagogi a cikinsa. Tunda hannu ya fara rawa ya ƙi riƙe zarto, sauran shafukan suke zaman banza kamar mai su. Biro dai yana riƙuwa in na danne gwiwar hannu a kan benci.

Jiya Sheha Ussi, mai unguwarmu, ya zo dakalin masallaci da takarda. Da can fansho na wanda ya yi wa gwamnati aiki ne kawai. Yanzu doka ta ce duk wanda ya cika saba'in a Zanzibar, masunci ne ko manomi ko mai hawan kwakwa, za a riƙa ba shi nasa duk wata har ya koma ga Allah. An fara tun watannin baya, yanzu ana tattara waɗanda aka tsallake. Nan take dakali ya rikice. Wanda shekaranjiya yake rantsuwa shi saurayi ne, jiya ya tuna an haife shi ana tsakiyar yaƙin duniya.

Sheha ya dube ni ya ce, "Kai dai Fundi Machano sai haƙuri, katin shaidarka sittin da biyu ya ce. Tashi ka zuba wa manya gahawa, yaro."

Aka kwashe da dariya. Na taya su, har na fi kowa.

Laraba, 27 ga Yuli, bayan azahar

'Yata Miza ba ta iya ganin abu a ajiye ta ƙyale shi, halin uwarta ne sak. Yau ta jawo akwatin kayan aikina wai za ta shafa wa ƙarafan mai kada iskar teku ta cinye su. Ta ɗaga murfin, ta tsaya tana karanta abin da aka sassaƙa a ciki.

A sana'armu ta kafinta, wadda ta sa ake ce mini Fundi, maigida ba ya ba yaronsa akwati sai ranar da ya kafa ƙofa shi kaɗai, ta buɗe ta rufe ba ƙara. Ranar yake sassaƙa sunanka da shekarar a cikin murfi. Nawa ya ce Machano Vuai, 1963.

"Baba, wannan shekarar ta mece ce?"

"Ta ranar da maigidana ya yaye ni. Rufe, kina shigar da ƙura."

Ta shiga ƙirga da yatsu. Na tsani ranar da na sa ta makaranta.

"Katinka ya ce 1954 aka haife ka. Kana ɗan shekara tara ka kafa ƙofa? Da me, da haƙori?" Sai ta dafe ƙirji. "Wallahi malamin da ya rubuta katin nan ya cuce mu! Baba, ai ka wuce saba'in!"

Ta rangaɗa guɗa har maƙwabciya ta leƙo. Rabon da in ga Miza tana murna haka tun kafin aurenta ya mutu ta dawo gida. Ban ce mata malamin ba shi da laifi ba. Abin da na faɗa masa shi ya rubuta.

Alhamis, 28 ga Yuli, da la'asar

Ta ɗauki akwatin a ka har gidan Sheha. Ya ce akwati ba ya rantsuwa. In kati ya saɓa, sai a kawo mutum mai rai daga garin da aka haife ka, wanda ya girme ka, ya tsaya gaban kwamiti ya ce ya san shekarunka. Kwamitin zai zauna ranar sha ɗaya ga wata mai kamawa.

Na ce da Miza duk waɗanda suka san ni a garinmu Kisimajuu sun mutu. Ta ce ta yaya na sani, tunda ban taɓa taka garin ba tun tana ciki. Na ce na dai sani.

Asabar, 30 ga Yuli, da safe

Ta hau motar farko ta tafi Kisimajuu. Ban hana ta ba. Da wane dalili?

Asabar ɗin dai, gab da magariba

Tun daga ƙofa na ji warin kafin in ga fuskarta.

Mu nan bakin teku kanumfari ba ya fita a ƙasarmu, duwatsu ne da kwakwa. Shi ya sa na zaɓi garin nan. Miza ta san ba na cin abin da aka sa masa kanumfari, ko shinkafar biki ce. Tun tana ƙarama aka gaya mata yana tayar mini da ciki, kuma shekara talatin da takwas ba ta taɓa jefa ko ƙwara ɗaya a tukunya ba.

Ta ajiye ƙullin kanumfari a kan taga ta ce, "Yi haƙuri Baba, kyauta ce, ba na iya mayarwa. Can ko'ina an shanya shi a tabarmi, har kan titi. Amma na samu! Wata tsohuwa, Bi Jokha, a tsohon shagon nan na bakin hanya. Ita kaɗai ce a gidan, ga tsafta. Na faɗa mata sunanka. Can ta ce, 'Ashe yana nan da rai.' Ta ce za ta zo ko da rarrafe ne. Ka ga mutanen da, akwai zumunci."

Na tambaye ta ko tsohuwar ta ƙara cewa wani abu.

"Ta ce in gaishe ka. Wai aikinka yana nan, ko motsi bai yi ba."

Lahadi, 31 ga Yuli, da hantsi

Ba abin da ya faru yau.

Litinin, 1 ga Agusta, bayan azahar

Na mayar da ƙullin bayan gida, na kife masa tukunya. Har yanzu ina jin sa.

Laraba, 3 ga Agusta, da safe

Tunda littafin awo ne, bari in rubuta awo. Inci ashirin da biyu ta kowane gefe.

Na kafa ƙofofi sun fi ɗari uku a rayuwata, har da na otal ɗin da Turawa ke tsayawa suna ɗauka hoto. Duk wasan yara ne. Aikin da na fi ƙwarewa a kai ba wanda ya taɓa yaba shi, don an yi shi ne kada a gan shi. Mahaifin Jokha, Balarabe mai shagon, yana ajiye buhunan kanumfari a saman silin, kuma yana tsoron ɓarayi. Ya ce yana son ƙofa a silin ɗin ɗakin tsakiya wadda ba mai cewa akwai ta. Na yanka ta daga jikin katakon silin ɗin kansa, na bi layin itacen, ba marfi a waje, ba hannu, ba kan ƙusa. Sai ka san inda za ka sa tafin hannu ka tura. Da na gama, maigidana ya tsaya a ƙarƙashinta yana nema har wuyansa ya gaji. Ita ce ta sa ya ba ni akwati.

Kwana tara na yi a gidan. Ƙanen Jokha, Hilal, shi yake kawo mini gahawa da dabino, yana kirana Fundi Ba-Gemu. Shekara biyu na ba shi. Yana da wushirya.

Ban san abin da ya sa na rubuta wushiryar ba.

Juma'a, 5 ga Agusta, bayan sallah

Na tare Sheha a ƙofar masallaci na ce a bar maganar nan, ban son wahalar da tsohuwa.

Ya ce, "Wace wahala? Ita da bakinta ta ce za ta zo. Ko tsohuwar budurwa ce kake tsoron ta ga yadda ka lalace?"

Na ce ni dai na yafe.

Ya daina dariya. Ya kama hannuna ya juya ni wajen teku. Ruwa ya janye, mata suna fitowa daga gonakin ciyawar teku da buhuna a ka. Ya ce, "Fundi, kai ka yafe. Waccan fa?"

Miza ce ta ƙarshe. Tana tafe tana tsayawa, hannu ɗaya a ƙugu. Tun safe take durƙushe cikin ruwan gishiri tana ɗaura ciyawa a igiya, idanunta sun yi ja kamar na mai kuka. Shekara uku ke nan duk lomar da na kai baki daga bayan nan nata ta fito. Da na dawo gida na tarar ta dafa mini rogo da kwakwa, ta ce ita ta ƙoshi. Ƙarya take. Ni na san ƙarya in na ji ta.

Na ji kunya. Amma na cinye.

Asabar, 6 ga Agusta, da la'asar

Inci ashirin da biyu. Mutum siriri yana shiga ba wahala. Fitowa da shi ne aiki, in ya riƙe katako.

Litinin, 8 ga Agusta, da hantsi

Marigayiya matata Mboja sau ɗaya ta taɓa tambayata. Muna sabon aure, rediyo yana ta kiɗan bikin ranar juyin juya hali, sai ta ce, "Kai kana ina a kwanakin nan?" Na ce, "Ina yaro. Shekarata tara, me na sani?" Ta ce Allah ya so ni. Ba ta sake tambaya ba har ta rasu.

Amsa ce mai kyau, ta yi mini aiki shekara arba'in. Bayan watan Janairun nan na 1964, da aka yi juyin ana bin Larabawa gida-gida, na tsallaka teku zuwa Tanga na yi shekara goma sha ɗaya. Da na dawo tsibiri na zo garin nan inda ba wanda ya san ni, ga fuska ba gemu, ga jiki ba nama. Duk inda maza suka zauna a lokacin, in hira ta yi nisa sai an zo kan wa ya yi me, wa ya ga me. Yaro ɗan shekara tara ba a tambayarsa. Na cire tara daga shekaruna na jefar, ban taɓa zaton wata rana gwamnati za ta sa lada ga wanda ya tsinto su ba.

Ba wanda ya ɗora mini adda a wuya ranar da 'yan juyin suka zo gidan su Jokha neman Hilal. Wannan ma in rubuta shi, tunda ba mai karantawa. Sun dai ce, "Kai ka yi aiki a gidan nan." Su bakwai ne ko takwas, na san biyar a ciki, da ɗaya muka yi karatun allo.

Miza tana kira, wai in zo in gwada rigar da zan sa.

Laraba, 10 ga Agusta, da la'asar

Ta wanke farar rigar ta goge, ta ari hula a wurin maƙwabci. Tana waƙa. Ta ce in abin ya tabbata za ta rage kwanakin shiga ruwa, ta je asibiti a duba mata bayan. Ta ce, "Baba, ka ga ikon Allah, tsufanka ne zai yi mana rana."

Duk duniya mutum ɗaya ya rage da yake ganina mutumin kirki. Gobe zan zaunar da ita kusa da Jokha.

Alhamis, 11 ga Agusta, bayan la'asar

A ajin makarantar firamare aka zauna. Ƙofar ajin a karkace take, wanda ya kafa ta ko akurkin kaji bai kamata a ba shi ba. Ita na yi ta kallo.

Mutum uku ne a tebur, Sheha da wani dattijo mai carbi da wata yarinya mai tabarau da ke rubutu. Bi Jokha ta iso da sanda, cikin baƙin mayafi, ta ƙanƙance kamar ba ita ce doguwar nan ba. Na gaishe ta gaisuwar da ƙarami ke yi wa babba. Ta dube ni sama da ƙasa ba ta amsa ba. Miza ta raɗa mini, "Kunnenta ne, Baba."

Aka fara da ni. Mai tabarau ta ce in ɗaga hannu in faɗi shekarar haihuwata. Na ɗaga, na ce 1945. Rabon bakina da wannan lambar har na ji ta baƙuwa.

Sai ta juya ga Bi Jokha. "Bibi, kin san mutumin nan?"

"Na san shi."

"Za ki iya tuna wani abu da zai nuna shekarunsa? Ko a lokacin juyin juya hali, yana kamar nawa?"

Bi Jokha ta gyara riƙon sandarta. Muryarta ba ta tsufa ba ko kaɗan.

"Rubuta, 'yata. Shi ya yi mana ƙofar silin, shekara ɗaya kafin nan. Ƙofa ce da ba mai ganinta sai wanda ya yi ta. Ranar ƙarshe da na ga an buɗe ta ina tsaye a bakin ɗaki. Ko kujera bai taka ba, hannu kawai ya miƙa. Silin ɗinmu yana da tsawo. Ɗan shekara tara hannunsa ba ya kaiwa."

Mai tabarau ta ce madalla, wannan shaida ce mai kyau, tana ta rubutu. Miza ta yi dariya ta ce, "Ai Baba dogo ne har yanzu." Dattijon mai carbi ne kawai ya daina ja. Ya dube ni, ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Shi ya isa ya gane.

Aka buga hatimi, na dangwala yatsa don sa hannuna ya ƙi fita. Sheha ya ce, "Barka da shiga sahun manya, Fundi. Gahawa kuma sai a nemi wani yaron."

A waje Miza ta durƙusa tana yi wa tsohuwar godiya, tana ƙoƙarin cusa mata kuɗin mota. Bi Jokha ta ture hannunta a hankali. Ta matso har sandarta ta taɓa takalmina.

"Machano. Ina kuka kai Hilal?"

Miza ta ce, "Wane ne Hilal?"

"Ƙanena. Shekara hamsin da biyu ban san inda zan tsaya in yi masa addu'a ba. Sauran duk sun mutu ina jira. Saura kai."

Bakina ya buɗe da kansa zai ba da amsar da ya saba. Ina yaro. Har ta hau harshe. Ga tawada ba ta bushe a yatsana ba, ga takarda a hannun Miza mai hatimi tana cewa a lokacin shekarata sha takwas.

Na ce, "Zan nuna miki."

Miza ta miƙe tsaye a hankali. Ta naɗe takardar ta wuce gabana har gida.

Juma'a, 12 ga Agusta, da hantsi

Ta ajiye mini shayi a kan benci ta fita. Ba gaisuwa. Tun da ta iya magana ba ta taɓa tsallake gaisuwar safe ba.

Asabar, 13 ga Agusta, gab da magariba

Mun je, mu uku. Ban ce Miza ta zo ba, ita ta ɗauki mayafinta ta bi mu.

Na ɗauka zan ɓata, an yi gidaje, an yi titi. Ƙafa ba ta manta ba. A bi ta bayan shagon, a wuce gonar kanumfari, a gangara inda tsohuwar rijiya take. An cike ta tuntuni. Wani ya shuka ayaba a wurin, ta yi kyau ƙwarai. Daga ƙofar gidan Jokha zuwa nan bai kai tafiyar minti goma ba. Ta ce nan take bi duk ranar kasuwa.

Na nuna da hannu. Ta ce, "Shi kaɗai?" Na ce a'a. Ta ce, "Ya yi magana?" Na gaya mata abin da ya ce. Ba zan rubuta shi a nan ba. Sunana yana ciki, ba na gaskiyar ba, wanda yake tsokanata da shi.

Ta zauna a ƙasa ta buɗe tafukanta ta daɗe. Ni na tsaya daga nesa, don ban ga da wace fuska zan ce amin ba. Da ta gama ta kasa tashi. Na matsa, Miza ta riga ni. Ita ta riƙe ta har gida, ni ina biye da su kamar wanda ya zo rakiya.

A ƙofar shagon na ce, "Bi Jokha, ki yafe mini."

Ta ce, "Ban zo nan ba tukuna. Wataƙila in mutu ban zo ba. Amma fanshonka ka karɓa, kada ka kuskura ka ƙi. Yarinyar nan ba ta buɗe ƙofar kowa ba."

Ta shiga ta rufe. Ban leƙa silin ɗin ba.

Litinin, 15 ga Agusta, da safe

Shayi a kan benci. Ba gaisuwa.

Laraba, 17 ga Agusta, bayan azahar

Tana shanya ciyawa a tsakar gida, ta ba ni baya, ta ce, "Mama ta sani?"

Na ce a'a.

"Da ba a yi dokar nan ba, da za ka gaya mini?"

Na so in ce e. Na ce a'a.

Ta ci gaba da shanya.

Alhamis, 18 ga Agusta, da la'asar

A dakali yanzu ni ake fara zuba wa gahawa. Sheha ya ce sunana ya shiga, wata mai zuwa in je da kaina. Kowa yana yi mini barka. Na zauna kaɗan na taso.

Asabar, 20 ga Agusta, da safe

Na leƙa bayan gida, tukunyar tana kife, ƙullin ba ya ciki.

Da ta kawo shayi ba ta ajiye a benci ba, a hannu ta ba ni. Tun kafin ya iso na ji warin kanumfari. Ƙwara uku suna yawo a sama, ba ta ma tace ba. Ta tsaya a gabana da igiyoyinta a kafaɗa, ruwa yana janyewa, sauran mata sun riga sun wuce, amma ba ta motsa ba.

Na kai baki. Na shanye, har ƙwarorin na tauna.

Ta karɓi kofin ta duba cikinsa. Ta ce, "Gobe ma haka zan dafa, Baba."

Ta wanke shi ta kife, ta tafi teku.